Ranar da likita ta hana ni cewa "ka yi haƙuri"

"Idan ya fara maganar mahaifiyarsa, me kake ce masa?" Tambayar da likitar ta yi min ke nan, ni da na zo rakiya kawai.

Sani abokin zamana ne, ɗalibi a nan Guangzhou. Mahaifiyarsa ta rasu a Kano, bai samu jana'iza ba. Tun daga nan ya daina cin abinci. Makaranta ta haɗa shi da likitar nan, 'yar China ce mai duba masu fama da damuwa. Ya fara samun sauƙi ke nan, sai kamfanin inshora ya ce zaman da suke biya ya ƙare. Kai ka ji, wai baƙin ciki ma ana yanka masa wa'adi!

Matar nan ba ta sallame shi haka ba. Ta ce ranar ƙarshe ya zo da wanda suke zaune tare.

Na ce, "Likita, abin da kowa ke faɗa mana. Ka yi haƙuri, sai addu'a."

Ta ce, "Addu'ar ku ci gaba da ita. Haƙurin ne za ka jinkirta. Bar shi ya gama tukuna."

Jiya a jirgin ƙasa, muna komawa unguwarmu Panyu, Sani ya ɗauko zancen tuwon Hajiya, mahaifiyarsa. "Ka yi haƙuri" ta zo min har baki, na haɗiye. Ya yi ta magana har muka wuce tasharmu. Da muka isa gida, shi da kansa ya ɗora girki.

Allah ya saka wa matar nan. Ku faɗa min tsakani da Allah, sau nawa muka toshe bakin mai kuka da haƙuri?