Dirhamin Alhaji Sabo

Ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba a aikin nan wata Litinin ce ta lokacin zafi, a shekarata ta biyu da zuwa Dubai. A satin ne kwamfuta ta ce wani magani jabu ne, ɗakin gwaji kuma ya ce na gaske ne, ni kuma aka bar ni a tsakiya.

Sunana Rifkatu, 'yar Kafanchan. Aikin ɗakin gwaji na yi a gida kafin wannan ƙaramin kamfani namu na unguwar Al Quoz ya ɗauke ni jami'ar bin diddigi. Ga wanda bai san aikinmu ba, muna manna wa kowane fakitin magani 'yar takarda mai ɓoyayyiyar lamba. Mai saye ya kankare, ya tura lambar ta waya. In shi ne na farkon turawa, amsa ta zo masa cewa maganin ingantacce ne. In an taɓa tura lambar, sai a gargaɗe shi kada ya sha, domin masu jabu kan kwafi lamba ɗaya su buga ta a fakiti barkatai.

Da safen nan ko jakata ban ajiye ba manajanmu, Mista Rajan, ɗan Indiya, ya yafito ni. Allon kwamfutarsa ya yi ja jawur. Gargaɗi ne ke ta fita a Kano, duk a kan maganin zazzaɓin cizon sauro na yara, duk kuma daga kayan mutum ɗaya, wani ɗan kasuwa Alhaji Sabo mai sito a kasuwar Murshid Bazaar ta nan Dubai. Har wani mai kemis ya kwashe nasa daga kanta, ya kuma sanar da abokan sana'arsa.

Ƙa'idarmu ita ce, in gargaɗi ya yi yawa haka, jami'ar bin diddigi ta rubuta rahoto cikin kwana huɗu, a miƙa wa hukuma sunan wanda ya yi safarar kayan. Sunan da ya shiga irin wannan takarda kuwa ba ya sake wankuwa a kasuwa. Ni ce zan sa hannu.

Na sa aka aiko mana da fakiti uku daga Kano ta jirgi. Ranar Laraba sakamakon gwaji ya fito: maganin gaske ne, ba ragi ba ƙari. Na koma kan kwamfuta, sai na ga duk lambobin an fara tura su ne daga waya guda, a nan Dubai, cikin sati biyu. Mista Rajan ya ce ai magana ta ƙare, ɓarawo ne ke gwada lambobi kafin ya kwafa. Na ce to ina jabun? Ya ce ai ni ce mai bin diddigi, ba shi ba.

Kaina ya ɗaure tamau. Mutumin da ya sayi maganin gaske, ya gwada shi, ya aika da shi gida yadda yake, me ya sata? Na rubuta rahoton har sau biyu ina gogewa. Gaskiya na ji tsoro, kada in ɓata mai gaskiya, kada kuma in kare mai kashe yara.

Ranar Alhamis da hantsi, ranar da wa'adin ke cika, na ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, na hau tasi zuwa Deira, unguwar da siton Alhaji Sabo yake. Na tarar da dattijo mai farin gemu zaune tsakanin kwalaye, tabarau a karan hanci, waya a cinya, dirhami ɗaya na ƙarfe a hannu. Kankare lambobin fakiti yake yi da shi.

"Sannu da aiki, Alhaji."

"Yawwa 'yata, ashe 'yar gida ce. Bismillah, zauna. Shwaiya, ɗan dakata, bari in ƙarasa wannan."

Na faɗa masa daga inda nake, fuskarsa ta washe kamar ya ga 'yar'uwa. Na ce, "Alhaji, me ake yi haka?"

"Abin da kuka rubuta a jiki mana, a kankare a tabbatar. Ni ko atamfa ce ba na ba 'yan kago masu jigilar kaya sai na duba turmi-turmi, balle abin da yara za su haɗiya. Jikata Hauwa maganin jabu ne ya yi ajalinta, kwana uku ana ba ta alli. Kayan da suka tafi kwanan nan sati biyu na yi a kansu, ɗaya bayan ɗaya. Duk waya ta ce ingantacce, khalas, shi ke nan."

A hankali na yi masa bayanin cewa lamba sau ɗaya take aiki, kuma duk uwar da ta tura ta a Kano yanzu ana ce mata kada ta ba ɗanta.

"Tsaya, 'yata. Wato dubawar da na yi ce ta mai da shi jabu?"

"A wurin kwamfuta, e."

"Maganin ya canja ne?"

"A'a, Alhaji."

"To wa ya yi ƙarya, ni ko ita?"

Ya cire tabarau ya daɗe yana kallon kwalayen. Na zaci makomar sunansa zai tambaya, sai na ji ya ce, "Yanzu akwai yaron da ke kwance da zazzaɓi, ga magani mai kyau, uwarsa na tsoron ba shi, saboda ni?"

Da na koma ofis, a gurbin sunan mai laifi na rubuta cewa kuskuren a takardarmu yake, don ba mu faɗi wanda zai kankare ba. Mun kai ruwa rana da Mista Rajan kafin ya yarda. Na kira mai kemis ɗin da kaina na yi masa bayani da Hausa, aka aika da sababbin takardu aka manna wa sauran kayan. Lambar nan ta jikin babban kwali da ku sababbin ma'aikata kuke gani yanzu, wadda 'yan kasuwa ke dubawa, daga nan ta samo asali.

Mun tsara aikinmu muna tunanin mutum biyu, ɓarawo da mara lafiya, muka manta da mai amanar da ke tsakaninsu. Shi ya sa nake ce muku kada wanda ya sa hannu a kan sunan mutum bai je ya gan shi ba.

Ran nan da zan tashi, Alhaji ya turo mini dirhamin ya ce, "Riƙe, 'yata, kada hannuna ya yi ƙaiƙayi." Yana nan cikin durowata, gefensa ɗaya ya siɗe sumul.