Malam Bawa da Lambarsa Mai Zagayawa

Ina shanya wanki a gidan da muke raɓe a garin Isa, maƙwabcinmu ya yi sallama ya ce Malam Bawa ya cika da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ciwon suga ne ya tasar masa, kuma ba a sami direban da zai yarda ya bi hanyar Sakkwato ya kai shi asibiti ba. Na zauna a bakin rijiya, ko hawaye na rasa.

Tare muka koyar a wata firamare wajen Tsamaye, shi lissafi, ni Hausa, har 'yan bindiga suka tashe mu. Ni na haƙura da koyarwa. Shi kuwa ya sami bangon wani kango, ya tara 'ya'yan 'yan gudun hijira, ya kama rubutu da gawayi. Mutum ne mai taurin kai, na sha faɗa masa yana dariya.

Iyaye suna ta janye yara zuwa talla da aikatau, ba don ƙeta ba, don yunwa. Abin da ya riƙe yaran da shi lamba ce guda: 142857. Ya nuna musu mara ce ba cika ba, uku na raba ta, sha ɗaya ma haka. Ya sa suka tsaga ta biyu, suka haɗa 142 da 857, sai ga 999. Sannan ya ce a ninka ta biyu, aka sami 285714.

"Mi kunka gani?" in ji shi. "Babu baƙo ko guda. Su na dai, mazauni sunka sake."

Haka take yi har ninki shida. Amma Malam ba ya sakin ninki na gaba sai ya ja musu rai, yana cusa rabawa da karatu a tsakani. Na ce masa, "Malam, wannan ai wayo ne."

Ya ce, "Malama, ba ni da abincin da za ni ba su. Ɗoki kaɗai gare ni. In sun taho don ita, sai in ɗura musu sauran."

Sun kai ninki na shida ya kwanta ciwo. Bayan sadakar uku na ɗauki gawayi na nufi kangon, da niyyar in riƙe masa yaran. Yara biyu na tarar. Wasu an ƙetara da su Nijar, wasu suna tasha da faranti a ka. Na rubuta musu ninki na bakwai, 999999. Ba wanda ya yi ihu. Ƙaramar cikinsu, Hadiza, ta dube ni ta ce, "Malama, to gobe mi za a yi?"

Ban san wata lamba ba. Na ce ta gaishe da innarta, kuma raina ya ba ni ba za ta dawo ba.

Allah Ya jiƙan Malam Bawa, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya raya marayunsa. Yaran nan da ya bari, waɗanda na kasa riƙewa, Ya Allah Ka riƙe su, amin.