Kibiyar Romanus

Duk wanda ya ce maka ya taɓa ganin Romanus a zaune, to ko dai a coci ya gan shi, ko kuma ƙarya yake shara maka. A cocin ma matarsa Nkechinyere ta ce ƙafarsa ba ta daina kaɗawa, idonsa kuma na kan fankar da ke ƙara a sama, yana neman wayar da ta saki. Mai gyaran wutar mota ne, rumfarsa na bakin titi a gefen unguwar Shamaki, kuma duk direban da fitilarsa ta mutu ko hon ɗinsa ya shaƙe a garin Gombe ya san hanyar rumfar nan. Abinci a tsaye yake ci. Magana kuwa rabinta a cikin bonet yake yin ta, sai ka sunkuya ka tsinci sauran.

Yana saurayi ya zo daga ƙasar Ibo, shi da ƙanensa Obumneme, suka koyi sana'a a hannun wani kawunsu. Kawun ya tsufa ya koma gida, su suka zauna. A nan Romanus ya yi aure, a nan aka haifi Chibuikem da Oluomachi, maƙwabta suka ajiye sunansa suka koma kiransa Baban Chibu. Da sallah gidansa ba ya rabo da nama. Da Kirsimeti Nkechinyere ta dafa shinkafa ta rarraba gida-gida, kajin kuwa maƙwabcinsu Shu'aibu mai shayi ne yake yankawa, don kowa ya ci hankalinsa kwance.

Kowa ya san abin da direba yake yi in motarsa ta lalace a hanya. Zai karyo ganye ya jera a kwalta, ya danne da dutse, shi ke nan a ganinsa ya sauke nauyi. Da rana ganyen yana aiki. Da magariba kuwa ganye da kwalta launinsu ɗaya. Wata magariba Obumneme ya taho a babur ta gangaren hanyar Bauchi, ya tarar da gingimari a tsaye ba fitila ko ɗaya, ganyen ma awaki sun cinye rabinsa, ya afka mata ta baya. Ko shurawa bai yi ba. Romanus ya kai gawar gida kamar yadda al'adarsu take, dangi suka ce ya isa haka, ya zauna. Ya ji su, ya yi musu godiya, ya hau mota ya dawo Gombe.

Da ya dawo ne ya ƙera kibiyar. Ya samo falanki ya shafa masa baƙin fenti, ya jera fitilun tirafiketa na matattun motoci a kai, suka ba da siffar kibiya mai kai da jela. Ya sa batir a cikin wani akwatin ƙarfe, ya haɗa. Makunnin kuwa sai ya ba shi doguwar waya, don mai kunnawa ya tsaya can gefen hanya, kada a je ceton wani a kwashe mai ceto. In ya danna, kibiyar ta riƙa walƙiya tana nuna wa direba ɓangaren da zai kauce. Farkon fitarsa da ita an sha dariya. Wani ya ce Baban Chibu ya buɗe gidan rawa a tsakiyar titi. Amma ba a jima ba direbobi suka riƙe lambarsa, mota na mutuwa a mugun wuri sai waya ta yi ƙara, shi kuma ya ajiye abin da yake yi ya jefa kayan a Keke Napep ya tafi. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya isa ya hana shi.

Sai shekarun tashin bama-bamai suka zo. Ni dai ban ga abin da ya lalata garin nan kamar tsoro ba. Aka kafa shingaye, mai babur ya sauko ya tura abinsa kamar wanda mai ya ƙare wa. Mutum ya ajiye jaka ya juya baya, kafin ya waiwayo layin ya watse. Ranar da abu ya tashi a Kasuwar Gombe, Nkechinyere, wadda ke sayar da manja da garin rogo a can, ta iso gida da takalmi ƙafa ɗaya. Daga ranar ta fara ɗaure kaya. Mutanensu suna ta tafiya, yau wannan shago a rufe, gobe wancan.

"Baban Chibu, mu tafi," ta ce. "Yaran nan ko ƙofa aka buga sai sun shige ƙarƙashin gado."

Yana tsaye yana feƙe bakin waya da haƙori. Ya tofar ya ce, "Maman Chibu, garin nan ya san ni. Wa zai taɓa ni a Gombe?"

Ta kwance ƙullin, bayan kwana biyu ta sake ɗaurewa. Haka suka yi ta yi, ita tana ɗaurewa, shi yana zagaya tsakar gida yana maimaita mata cewa garin ya san shi. Gaskiyar magana ita ce shi ma ya daina barcin kirki, kuma ba abin da ya riƙe shi sai wannan magana guda. In ta tabbata, Gombe gida ce. In ba ta tabbata ba, to duk shekarunsa a garin baƙunta ya yi.

Wata yamma a ƙarshen damina waya ta yi ƙara. Ɗan'azumi ne, wani dattijon direba ɗan asalin Katsina, wanda tun Romanus yana yaron shago yake kawo masa gyara. Ya ɗauko masara daga Kwadon zai kai Jos, aksul ya karye masa a kan gangaren nan, daidai inda Obumneme ya rasu. Romanus bai tsaya sa takalmin kirki ba. Da ya isa, ya tarar Ɗan'azumi ya shiga masallacin gefen hanya sallar magariba. Wurin cike yake, don akwai shingen sojoji can gaba, motoci sun yi layi, masu talla sun biyo su. Shu'aibu ma can ya mai da teburin shayinsa tun da ciniki ya koma wurin.

Hadari ya haɗo, don haka Romanus ya naɗe akwatin batirin a baƙar leda kada ruwa ya shiga. Ya ajiye shi a bayan motar, ya kifa falankin a gefe tukuna, ya ja doguwar wayar ya tsallaka bakin kwalbati, ya tsuguna da makunni a hannu yana ɗaure inda ya kwance. Haka yake yi kullum. Bai taɓa tsayawa ya kalli kansa da idon wanda bai san shi ba: baƙin ƙunshi a gindin babbar mota, waya ta miƙe, mutum a tsugune can nesa da abin dannawa.

Wani matashi ne ya fara gani. "Bam! Wallahi bam ne! Ga rimot ɗin a hannunsa!"

Wurin ya hargitse. Mata suka zubar da faranti, motoci suka hau ja da baya suna karo da juna. Romanus ma ya miƙe zai gudu, yana waige-waige yana neman inda bam ɗin yake. Sai da gorar farko ta sauka a kafaɗarsa ya gane shi ake nufi. Ya ɗaga hannuwa sama, makunnin na nan a hannunsa, ihun ya ƙaru.

"Ni ne! Romanus ne! Baban Chibu na Shamaki! Fitila ce!"

A lokacin nan ba fuska ake dubawa ba, hannu ake dubawa. Suka kai shi ƙasa. Ta tsakanin ƙafafu ya hango Shu'aibu tsaye da buta a hannu, ya ƙwala masa kira. Shu'aibu ya dube shi, ido cikin ido, ya dubi baƙar ledar, sannan ya ja da baya ya shige bayan mutane. Wani yana cewa a kawo taya.

Ɗan'azumi ya fito daga masallaci da takalmansa a hannu. Bai yi gudu ba, don gwiwarsa ba ta yarda da gudu. Ya ratsa filin da kowa ya gudu ya bari, ya ɗaga falankin ya jingina da motar, ya gyara rigarsa, ya zauna daram a kan baƙin ƙunshin.

"Ku sakar masa hannu," ya ce. "Romanu, danna."

Romanus ya danna. Kibiyar ta kama, ta mutu, ta kama, tana nuna dama. Wani ya yi dariyar kunya, gorori suka sauka, kowa ya shiga cewa ai shi dama ya ce a bincika. Kafin sojoji su ƙaraso, masu dukan sun zama masu kaɗe masa riga.

A gida Nkechinyere ta gasa masa jiki da ruwan zafi, ba ta ce ai na faɗa maka ba, shi kuwa da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. A ranar ce ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Mijinta ya zauna a kan turmi, ƙafarsa ba ta motsi, hannuwansa a kan cinya. Ya daɗe a haka, sannan ya ce, "Ɗaure kayan."

Washegari Shu'aibu ya yi sallama a ƙofa, ya kasa shigowa. Ya ce, "Baban Chibu, ka yafe mini. Wallahi na gane ka. Tsoro ne ya kama ni."

"Na sani, Malam Shu'aibu," in ji Romanus. Da Shu'aibu bai gane shi ba ne, da abin bai kai haka ciwo ba.

Kibiyar ya bar wa Ɗan'azumi, don motar na nan a gangaren tana jiran aksul daga Kano. Ya rufe rumfa ya miƙa wa mai wurin makulli. Ranar tafiya suka je tasha da la'asar, Romanus ya zagaya doguwar bas ɗin ya dudduba, sannan ya hau ya zauna kusa da taga. Sai da rana ta faɗi aka gama lodi.

A gangaren layin shinge ya tsayar da su. Romanus ya yi niyyar kada ya duba, amma ya duba. Ga motar masara, ga Ɗan'azumi zaune a kan akwatin, don har yanzu in ya tashi mutane sai su fara ja da baya. Ga kibiyar tana walƙiya, sai dai fitilun kanta sun mutu, saura jelar kawai, ba ta nuna dama ba ta nuna hagu. A tsakiyar kwalta kuwa, inda bai kamata ɗan Adam ya tsaya da magariba ba, Shu'aibu ne yake ta kaɗa hannu yana nuna wa motoci hanya, tireloli suna wucewa suna kaɗa masa riga.

Ƙafar Romanus ta fara kaɗawa. Ya danne ta da hannu, ta ƙi.

"Wayar ƙasa ce ta saki," ya ce, ba da kowa yake ba. "Wannan mutumin zai sa a take shi." Ya miƙe. "Maman Chibu, bari in duba kawai, yanzu zan dawo."

Kwandasta ya ce in layi ya motsa ba za su jira kowa ba. Romanus ya sauka. Bai yi taku nawa ba ya ji ta kira shi. Nkechinyere ce ta miƙo jakar kayan aikinsa ta taga, sannan ta turo wani ƙulli, tufafinsa ne a ciki.

"Tun a gida na ware maka su," ta ce. Idonta ya cika, amma muryarta ba ta karye ba. "Ni zan kai yara. In Kirsimeti ta zo ban gan ka ba, da kaina zan zo in ɗaure ka a cikin kayan."

Ya buɗe baki, layi ya motsa. Chibuikem da Oluomachi suka manna fuska a gilashi suna ɗaga masa hannu. Ya tsaya a gefen hanya da jaka a hannu ɗaya, ƙulli a ɗayan, yana kuka a fili, babba da shi, bai ko ɓoye ba.

"Romanu," in ji Ɗan'azumi daga kan akwati, "in ka gama, zo ka duba mana kan abin nan. Ƙuguna ya gaji."

Ya je ya tsuguna, ya ciro filaya, ya feƙe wayar da haƙori ya ɗaure. Kan kibiyar ya kama. Ya ɗaga murya ya ce, "Malam Shu'aibu, fito daga titin nan!" Shu'aibu ya fito ya tsaya kusa da shi, ba wanda ya dubi wani.

Sannan Romanus ya juya ya nemi bas ɗin. Ta wuce shingen tana hawa tudu, fitilunta na baya duka biyu suna ci, jajaye. Ya san za su kai, don shi da kansa ya duba su a tasha kafin ya bari 'ya'yansa su hau.