Bangon Inji, Cikin Mai Fanka

Shagon Mai Fanka bai fi faɗin tabarma biyu ba. In ya miƙa hannun dama ya taɓa bango, in ya miƙa na hagu ya taɓa fankar wani. Fankoki ne har rufi: mai tsaye, ta tebur, ta sama da aka cire wa fukafukai, wasu tun kafin ya yi aure aka kawo su gyara, masu su har yau ba su waiwayo ba. Abin takaicin, duk layin babu inda ya kai shagon nan zafi. Shekara goma sha tara yana gyara wa mutane iska, shi kuwa gumi yake sha.

A aji uku na sakandare karatunsa ya tsaya, amma Allah ya ba shi murya mai daɗi da son littafi. Muryar nan ita ta ja masa.

Surukinsa, wanda kowa ke kira Baba, tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mutumin da ya shekara talatin yana buga hatimi har ta kai ko gaisuwa ya amsa sai ka ji kamar ya buga mata tambari. Baba yana da ƙungiyar karatu da ke zama a falonsa duk Asabar da yamma. Da su goma sha biyu ne. Mutuwa ta ɗebi rabonta, ciwon gwiwa ya ɗebi nasa, saura uku: Baba, da Tela, da wata nas mai ritaya da ake ce wa Sista. Baba yanar ido ta rufe masa duka biyun. Tela ramin allura ya cinye nasa. Sista tana da tabarau, amma kullum a gida take mantawa da shi. Sai aka ce ai mijin 'yar Baba ya iya karatu, ya riƙa zuwa yana karanta musu. Ba a tambaye shi ba, sanar da shi aka yi. Wa zai ce wa suruki a'a?

Ƙungiyar doka ɗaya gare ta, Baba ya buga ta da tafireta ya sa a gilashi ya rataye sama da talabijin: ba a karanta kowa sai marubucin da ƙungiya ta taɓa karantawa. Sabon littafi, amma daga tsohon hannu.

"Baƙon alƙalami baƙon direba ne," in ji Baba. "Ba ka san ramin da zai zuba ka ba."

Marubutan nasu bakwai ne a farko. Huɗu sun rasu, biyu sun ajiye alƙalami. Ɗayan da ya rage kuwa kamar ya rantse sai ya rama wa sauran, duk wata biyu sai ya saki sabo. Tela ya sa masa suna Inji. Labarin Inji ɗaya ne tak: wani ya tafi birni, ya samu duniya, ya manta da uwarsa, ya yi hatsarin mota a shafi na casa'in, ya tuba a gadon asibiti. Suna ake canjawa, da launin motar. Mai Fanka ya karanta wannan hatsarin da bakinsa sau talatin da ɗaya.

Abin da ba su sani ba, shi ma yana rubutu. Duk sanda aka ɗauke wuta, ba halin gwada fanka, sai ya zaro ragowar littattafan rubutun 'yarsa ya ɗora kan gwiwa. Labarin wani mai gadin mashigar jirgin ƙasa yake rubutawa, wanda jirgi ya daina bi ta wajensa shekara goma, amma kullum ƙarfe huɗu sai ya sauke shinge ya tsayar da motoci. Burinsa bai wuce mutanen nan uku su ji, su san nasa ne. Sau ɗaya ya gwada, kansa a ƙasa.

"Baba, da a ce wani na kusa ya ɗan taɓa rubutu, ko za a saurara?"

"Mun taɓa karanta shi?"

"A'a, Baba."

"To." Ya nuna wajen gilashin da sandarsa. Ko ganin sa ba ya yi, amma bai taɓa kuskure saitinsa ba.

Wata Asabar sabon Inji ya fito. Mai Fanka yana shafi na goma Tela ya fara minshari, Sista ta ce, "Ɗana, tsallaka ka kai mu wajen hatsarin, na bar tukunya a wuta." A ranar shaiɗan ya raɗa masa. Al'adarsu ce shi ke tafiya da littafin gida don ya duba shi kafin zama. Ya warware shafukansa daga littafin 'yarsa, ya datse su daidai da bangon Inji, ya cusa a tsakiya. Asabar ta gaba ya gyara murya ya ce marubucin ya buɗe wani sabon babi, ya fara karanta mai gadinsa.

Tela bai yi barci ba. Tukunyar Sista ta ƙone. Da ya kai inda direbobi ke zagin mai gadin, shi kuwa yana tsaye yana kallon layin dogon da ciyawa ta cinye, sai Tela ya gyara zama.

"Inji ya sha sabon mai," in ji Tela.

Baba ya buga sanda a ƙasa. "Kun ga amfanin doka? Da mun bi baƙo, da mun rasa wannan. Mai haƙuri shi ke dafa dutse."

Mai Fanka ya ce, "Haka ne, Baba."

Daga nan ya shiga rijiya da ƙafarsa. Yabon da ya shekara yana mafarki ya zo, amma ya wuce ta kansa ya sauka kan Inji. Ga shi Inji ba ya hutawa. Duk wata biyu Baba ya aika a sayo sabo, dole Mai Fanka ya kasance da nasa a shirye. In ya koma karanta na gaskiya, za su ce me ya sami Inji. In ya faɗi gaskiya, ya yi wa surukinsa makaho wasa da hankali a cikin falonsa. Fankoki suka taru, har ya koma addu'ar a ɗauke wuta, shi kaɗai a duk garin.

Matarsa ta tsinci shafukan a aljihunsa ranar wanki. Ta karanta a tsaye, ta ce, "Baban yara, ashe kai ne Inji? To ranar da Baba ya gane, ni ban san ka ba. Aure ma sai dai a ce ji na yi."

Littafi uku suka wuce a haka. Sai yayan matarsa ya zo ya ɗauki Baba ya kai shi asibiti aka cire masa yanar idon. Ranar Laraba aka kwance bandeji, ranar Alhamis sabon Inji ya iso, kuma wannan karon ba a aiko masa da shi ba.

"Baba fa karatu yake ba ji ba gani," in ji matarsa. "Kwalin magani, kalanda, bayan ledar sabulu. Jiya tsofaffin littattafan Inji ya sa aka sauko masa da su."

Ranar Asabar ya tafi kamar mai zuwa kotu, shafukansa a cikin riga sun jiƙe da gumi. Ya tarar da Baba zaune da littafin a cinya, an sa tsinke a wajen shafi na casa'in. Idon nan tar, kamar an wanke gilashi.

"Yau Shugaba da kansa zai ja mu," in ji Tela. "Mai Fanka, ka huta, an sallame ka ba fansho."

Baba ya buɗe littafin, ya rufe. Ya dubi surukinsa tun daga hula har takalmi, karo na farko cikin shekara shida.

"Ashe ka yi furfura," ya ce. Sannan ya miƙa masa littafin. "Likita ya ce kada in wahalar da idon. Shiga ciki ka sha ruwa, ka duba shi tukuna, yadda ka saba."

Mai Fanka ya durƙusa kusa da kujerar, murya ƙasa-ƙasa. "Baba, ina da magana."

"Ta shafi doka?"

"Ta shafe ta."

"Ga ta can a bango. Yanzu ma na fi ganin ta. Je ka, mutane na jira."

Mai Fanka ya shiga, ya cusa shafukansa a bangon Inji, ya fito ya karanta. Sista ta share hawaye ta ce ita dai a nema mata adireshin marubucin nan, wasiƙa za ta rubuta masa. Baba ya ce manyan marubuta ba sa son damu.

Da aka tashi, Baba ya raka shi har bakin ƙofa, abin da bai taɓa yi ba.

"Mai shagon littattafai ya ce wani zai fito nan da wata biyu. In kun haɗu da Inji, ka ce masa babi na huɗu ya yi tsawo. Kuma mai gadin nan, kada ya kuskura ya kashe mana shi."

"Zan gaya masa, Baba."

"Ka gaishe da yaran."

Ranar Litinin aka ɗauke wuta tun da hantsi. Mai Fanka ya ture wata fanka da ƙafa ya sami wurin gwiwarsa, ya zaro sabon littafin rubutu. A bangonsa akwai layin da aka tanada don suna. Ya riƙe biro a kansa har gumi ya ɗiga a wurin, sannan ya buɗe shafin farko ya tsayar da mai gadi a bakin shinge, ƙarfe huɗu saura minti biyar.