Tsagar Bangon Soron Kakata

Wataƙila na cuɗa damina biyu a wannan labari, ko na sa wa wani maganar da ba tasa ba, domin an ɗan daɗe. Tsagar dai ban manta ta ba.

Shekarar da na dawo daga bautar ƙasa, bangon soron kakata a gidanmu na Ƙofar Kuyambana ya tsage, daga ƙarƙashin azara har daidai ƙuguna. Damina ta ƙarato. Na roƙi kakata ta koma ɗakin siminti, don in ruwa ya shiga tsagar, rufin ƙasa yana iya sauka a kanta. Ta ce a nan ta haifi 'ya'yanta duka, ba inda za ta.

Aka kira tsohon maginin unguwarmu. Bai zo da abin awo ba. Ya kwaɓa ƙasa, ya yaɓa faɗin tafin hannu a kan tsagar, wuri uku, ya ce sai bayan mako. In yaɓen ya rabu, bango yana tafiya. In bai rabu ba, tsagar ta zauna.

Na ce, "Baba, kashi nawa cikin ɗari zai faɗi?"

Ya dubi kakata. "Hajiya, jikan nan naki lissafi ya karanta?"

"Tsoro ya karanta," in ji ta, "har da digiri."

Kullum da safe sai na je dubawa. Rana ta bakwai, biyu suna lafiya, na saman ya yi layi siriri kamar gashi. Bushewa ce ko motsi? Na tambayi maginin, ya ce shi ma bai sani ba. Abin da ya ba ni mamaki, rashin sanin bai tsayar da shi ba. Ya gyara indararo, ya tokare azara da itace, ya sa aka mai da gadonta jikin ɗaya bangon. Kakata kuma ta yanke nata: duk ranar da hadari ya haɗo daga gabas, za ta ɗauki matashinta ta koma ɗakin siminti. Sauran kwanaki tana soronta.

Haka ta yi har kaka. Bangon yana nan tsaye. Ko tokarin ne ya riƙe shi, ko da ma ba zai faɗi ba, har yau ban sani ba, kuma ina yawan tunaninsa.

'Yan gidanmu da maƙwabta da suka ga abin, inda na kuskure ku aiko mini in gyara, musamman ko yaɓen wuri uku ne ko huɗu.