Yarinyar da Mijinyawa Ya Gani a Bidiyo

Mijinyawa tela ne a kasuwar Boɗinga, kuma ko a telolin ma na baya ne. In ya ɗinka wando, ƙafa ɗaya sai ta ɗara ɗaya, mai wando ya riƙa tafiya kamar wanda ya taka ƙaya. Ubansa manomin albasa ne a Dingyaɗi, mutumin kirki wanda ba a taɓa jin muryarsa a bayan danga ba. Ɗan bai gaji haƙurin ba, bai gaji noman ba. Abin da ya taso da shi kawai shi ne son ya buɗe baki a yi tsit. Ya kai shekara arba'in ba wanda ya taɓa yi masa tsit, sai matarsa Uwani, ita ma don ta gaji ne.

Zamanin siyasa, da kowa ke son babbar riga, har irin su Mijinyawa suka sami aiki. Wani ɗan kwangila, Alhaji Bawa, ya ba shi ɗinki ya ce ya kai masa gida Sakkwato. Ya isa bayan azahar ya tarar an saki labule a falo, baƙi sun jeru a kujeru suna kallon bidiyo. Aka nuna masa ƙasa, ya zauna kusa da takalma.

A cikin akwatin talabijin wata 'yar Nasara ce, ba ta wuce bakwai ba, fara fat kamar an wanke ta da toka. Ta hau cinyar wata mata tana wasa da gashinta. Can ta ɗaga leɓe, fiƙoƙi biyu suka bayyana, ta kafa su a wuyan matar. Mijinyawa bai ga abin da ya biyo baya ba. Ya tura kansa cikin rigar Alhaji da ya kawo, yana jan duk surar da ya tuna, har aka kashe akwatin. Turanci kuwa ko na gaisuwa bai sani ba.

Amma da ya sauka mota a Boɗinga, ai sai ga malami. Washegari rumfarsa ta cika.

"Ba wasa na ba," in ji shi. "Abin ya faru garin Nasara, hoto ɗai anka ɗauka. Ni da idona nig gani."

Wani ya tambaya yadda ake gane irinsu. Mijinyawa ya tsayar da keken ɗinki ya yi gyaran murya. Wanda ya kalli cikin riga, shi ne ya zauna yana lissafa alamu: fari ba na lafiya ba, ƙin rana, ƙin tuwo, fiƙoƙi a waje, da son ɗaukar jariran mutane. Kullum sai ya ƙara wani abu. Ranar kasuwar Shagari ma yakan ɗora kan kekensa a mota ya je can ya sake zubawa. Aka yi masa suna Mai-Bidiyo, yana amsawa har da ɗaga hannu.

Sai soja suka karɓi mulki, sabulu ya koma na layi, ruwan sama ya ɗauke gero bai fid da kai ba. Ba mai ɗinka sabuwar riga, sai banki a gwiwar wando. Labarin nan shi kaɗai ya rage yana tara masa mutane, ya riƙe shi da hannu biyu.

'Yarsa ɗaya ce, Lami, shekararta bakwai. Yunwar shekarar ta tsotse ta har tafin hannunta ya yi fari. Ga haƙoranta na gaba sun zube kamar na kowane yaro, na gefe suka tsaya su kaɗai. Tuwon dusar da ake yi ba ya wuce mata, rana kuma jiri take sa ta, sai ta laɓe a inuwar rumbu. Abin da ke faranta mata rai ɗaya ne, goyon Safinatu, jaririyar maƙwabciyarsu Mairo. Takan sa baki a wuyanta ta hura, jaririya ta yi ta ƙyalƙyala dariya.

Ƙyanda ta kama Safinatu, ta tafi ta bar ta kamar tsinke. Matan unguwa da suka haddace alamun Mai-Bidiyo ba su sha wahalar nema ba. Da hantsi Mairo ta shigo da jaririya a kafaɗa, mata na biye, maza suka yi cirko-cirko a ƙofar gida. Ta shimfiɗe ta a tsakar gida ta ce Lami ta zo ta tsallake ta sau uku, yadda ake sa maye ya saki wanda ya kama. Kowa a wurin ya san ma'anar abin. Yarinyar da ta tsallaka ta amsa sunan ke nan, in kuwa mai ciwo ya tashi, sunan ya zauna har jikokinta.

Uwani ta aika aka kira Mijinyawa daga kasuwa. Ya shigo da tef a wuya.

"Malam, hwaɗa musu," in ji Uwani, a gaban kowa. "Kai da bakinka kac ce min ba ka ga komi ba, kanka na cikin riga. Hwaɗa musu wasan Nasara na. Ɗiyakka ta fa!"

Wani daga ƙofa ya yi dariya. "Cikin riga, Mai-Bidiyo? Ashe aljihu kak kalla?"

Dariyar nan ita Mijinyawa ya ji. Bai ji kukan Lami da ta riƙe zanen uwarta ba. Ya hango rumfarsa wayam, ya hango yara na bin sa suna kiran mai kai cikin riga. Magana ɗaya ce za ta fid da 'yarsa, gajeriya, ta fi zaren allura gajarta. Ya dubi mazan ƙofa, ya gyara hula.

"Mace ba ta san waɗanga abubuwa ba," ya ce. "Abin da nig gani, na gani. Lami, tsallaka. In ba ke ta ba, mi za ki tsoro?"

Ta tsallaka sau uku.

Bayan sati biyu wata ƙanwar Mairo ta kawo musu gero da nono daga ƙauye, Safinatu ta fara cin abinci ta murmure. Ba wanda ya ce gero ne. Daga ranar ba yarinyar da ta sake wasa da Lami. In ta doso rijiya, mata su juya goyonsu su rufe da mayafi. Mai ƙosai ta riƙa jefa mata a ƙasa don kada hannu ya haɗu.

Uwani ba ta yi masa faɗa ba, ta ga bai kai ba. Ta ɗaure kayanta a zane, ta kama hannun 'yarta, suka hau motar Shagari, daga can suka taka zuwa Horo Birni wurin yayanta Arzika. Sunan ya riga su isa, don ai Mijinyawa ya daɗe yana share masa hanya a kasuwar Shagari. Can Lami ta girma tana ci a kwanonta ita kaɗai.

Shi kuwa rumfarsa ba ta taɓa cika irin ta wannan shekara ba. Har daga Dingyaɗi ake zuwa. Yakan bari sai an nutsu, ya sauke murya, ya girgiza kai kamar wanda aka zalunta.

"Ku da kuka ji ga bakin mutane," yakan ce, "ni cikin gidana anka yi shi."