Dutsen da Inna Ba Ta Gani Ba

Kowace safiya, kafin rana ta yi ƙarfi, wata dattijuwa takan sauka daga motar haya a bakin wani tsohon bene, da jaka a kafaɗa da kwanon abinci a hannu. Takan hau matakala a hankali, saboda gwiwa ta fara yi mata gardama, ta shiga wani ɗaki da ba a taɓa ɗage labulensa. Babu komai a ciki sai tebura, kwamfutoci, butar shayi, da fanka mai kuka kamar ana matsa mata. Sai ta tuɓe takalmi ta tura ƙarƙashin tebur, ta goge tabarau da gefen mayafi, ta yi bisimilla, ta fara duban sama.

Da rana tsaka take duban taurari, kuma ba ta ɗaga kai. Madubin hangen nesan da take yi wa aiki yana can kan wani dutse a ɗaya ɓangaren duniya, inda dare yake idan nan gari ya waye. Madubin yakan ɗauki hoton wuri ɗaya a sama, ya ɗan jira, ya sake ɗauka, ya kuma sakewa. Taurari ba sa barin mazauninsu. Duk ɗigon da ya gusa tsakanin hoto da hoto, shi ne abin tuhuma, don mai yiwuwa dutse ne yake yawo a sarari. Kwamfuta ce take fara zaɓo ɗigogin, amma kwamfuta ba ta da kunya, har tauraron ɗan adam da dattin madubi takan kwaso ta kawo. Aikin Inna shi ne ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce wannan dutse ne, wannan shara. Shi ya sa abokan aikinta suke ce mata Inna Mai-tsince, wai tana tsince sama yadda ake tsince tsakuwa a faifan shinkafa.

A wannan aiki akwai wata ƙa'ida. Wanda ya ga dutse ba ya riƙe shi. Nan take yake aika labarinsa cibiya, domin masu madubai a wasu ƙasashe su juya su duba, a haɗa idanu a gane inda ya dosa. Sunan da ake rubutawa kuwa na madubin ne, ba na mai idon ba. Saboda haka ne ba ku taɓa jin labarin Inna ba. Yawancin duwatsun da ta tsinto wucewarsu suke yi can nesa. Ƙananan su ne masu wuya, don baƙaƙe ne kamar gawayi, ba sa bayyana sai sun zo dab, lokacin da saura 'yan awoyi su faɗo cikin iskar da ta lulluɓe duniya su kama da wuta.

Mijinta tela ne, mutum mai barkwanci, kuma ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. Da ta dawo gida zai leƙo ta saman keken ɗinki.

"Sannu da zuwa, mai gadin sama. Yau ma ba a sace wata ba?"

"Yana nan, Malam."

"Shekara da shekaru kina tsintar duwatsu, ko na murhu ba ki taɓa kawo mana ba."

"Kai ma shekara nawa kana ɗinki, ga aljihun rigarka can a yage."

Haka suke tun suna da ƙuruciya, maƙwabta har sun haddace.

Abin da ya sa na ga ya dace a yi mata wannan jinjina ya faru ne 'yan watanni kafin ta ajiye aiki. A lokacin Malam Tela yana kwance a asibiti. Ya hau tsani zai gyara allon shagonsa, tsanin ya zame, ya karye a cinya, aka rataye masa ƙafar da igiya da ƙarfe mai nauyi. Ɗakin maza na wannan asibiti yana saman bene, bango guda kusan duk gilashi ne, kuma da daɗin baki Malam ya samu aka ba shi gadon da ke jikin tagar, wai don ya riƙa kallon ɗinkin masu wucewa yana kushewa.

Da safiyar ranar, Inna ta ci karo da wani ɗigo da bai yi tafiya irin ta sauran ba. Sauri yake yi. Ta cire tabarau, ta goge, ta sake dubawa. Sai ta kira abokin aikinta, wanda suke ce wa Dogo, shi ne mai lissafin hanyar duwatsu.

"Dogo, zo ka ara mini idonka."

Ya sunkuyo ya duba. "Inna, wannan ai gudu yake kamar ya ci bashi."

"Aika shi."

Ya aika. Ba a jima ba amsoshi suka fara shigowa daga masu madubai na nesa, wannan ya gan shi, wancan ma ya gan shi. Zuwa azahar lissafi ya zauna. Dutsen bai fi ƙaramar motar bas ba. Zai shigo bayan magariba, zai ƙone a sama ya tarwatse, ba zai rusa gidan kowa ba. Dogo ya dubi taswira, ya sake duba, sannan ya miƙe tsaye har kansa ya kusa taɓa fanka.

"Inna, ta kanmu zai wuce! Nan garin!"

Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, amma ba wanda ya taɓa zaton wannan jifan zai faɗo a ƙofar gidan mai gadi. Aka sanar da hukuma, rediyo ta yi shela cewa za a ga dunƙulen wuta a sama, kada kowa ya firgita, ba tashin duniya ba ne, kuma a nisanci tagogi. Mutane suka ji ta farkon, suka bar ta ƙarshen a rediyo.

A ofis kuwa murna ake. Aka kwashi kujeru aka hau rufin bene, Dogo ya ɗauki kujerar Inna mai matashi ya kafa ta a gaba. Duk tsawon aikinta, ba ta taɓa ganin irin wannan wuta da idonta ba. Kaɗan ɗin da aka taɓa hangowa kafin su shigo, a kan teku suka ƙone ko a wasu ƙasashe, sai dai ta ga hoto washegari. Ta hau rufin ta zauna, ta gwada kujerar, ta ji daɗinta. Amma zuciyarta ta ƙi zama.

Ta san wani abu game da irin wannan wuta. Haske ne yake fara zuwa, shiru, ba sauti. Sai kowa ya ruga taga ya ga mene ne. Ƙarar tana tafe a baya, sai an ɗan jima take isowa, kuma ita ce take fasa gilashi a fuskar masu kallo. Mai ƙafa zai iya ja da baya. Wanda aka rataye wa ƙafa a jikin taga fa?

Ta buga wayar asibiti, tana ta ƙara ba a ɗauka. Ta buga ta Malam, ya ɗauka da fara'a ya ce yana cikin taro, ya kashe. Sai ta miƙe ta ɗauki jaka.

"Inna, ina zuwa? Rana ta kusa faɗuwa!"

"Ka kalla mini, Dogo. Ka buɗe ido da kyau, zan yi maka tambayoyi."

Motoci sun cunkushe, kowa yana neman fili, don haka babur ta hau, ita da rabonta da babur tun gwiwa tana lafiya. Da ta shiga ɗakin maza, ta tarar da abin da take tsoro. Masu jinya da 'yan dubiya sun yi dafifi a jikin gilashi, an turo gadaje kusa, Malam Tela kuwa yana tsakiya yana jawabi.

"Matata ce ta gano shi! Ni na san za a rina, tun tana amarya ko allura ta faɗi ita take tsintowa. Yauwa, ga ta nan! Ku ba ta hanya!"

Ba ta ko kalle shi ba, ta nufi teburin babbar nas, wadda kowa yake kira Sista.

"Sista, 'yata, a taimaka a fitar da gadajen nan lungun tsakiya, inda babu taga."

"Mama, ai rediyo ta ce babu haɗari."

"Babu haɗari ga wanda yake tsaye a fili. Waɗannan a ƙarƙashin gilashi suke kwance."

Sista ta dubi gadaje, ta dubi agogo. Mu biyu ne kawai a bakin aiki, in ji ta, ga masu ƙarin ruwa, ga masu ƙafa a rataye waɗanda in aka girgiza su ɗori zai goce. "In muka wahalar da su kuma ba abin da ya fashe fa?"

"Yana yiwuwa kada ya fashe, ba zan yi miki ƙarya ba. In haka ta faru, ki ce wata tsohuwa ce ta rikice. Na yarda."

Sai Sista ta tafa hannu. Nan aka ga gwaninta. Ta raba 'yan dubiya aiki, kai riƙe sandar ruwa, ke kama ƙarfen nan kada ya yi lilo, ku biyun ku tura a hankali. Gadaje suka fara fita ɗaya bayan ɗaya. Wani tsohon soja da aka yi wa aiki a ciki yana ta gunaguni, wai shi da ya kwana a ƙarƙashin igwa, yau za a ɓoye shi don tsakuwa.

Da aka zo kan Malam Tela sai ya ƙanƙame ƙarfen taga.

"Ba inda za ni. Tun ina da baƙin gashi nake jiran in ga aikin nan naki. Yau ya zo har taga, ki ce a kai ni lungu?"

"Malam, ƙafa ɗaya ta rage maka, ka bar ni in tsira da idanun."

"Idanun ai don kallo aka yi su."

Ta sunkuya kusa da kunnensa, amma na kusa sun ji. "Kujerata tana can a kan rufi, da matashi, ba kowa a kai. Ni ma ba zan gani ba. Saki ƙarfen nan mu rasa tare."

Malam ya dube ta. An ce tun da aka kwantar da shi, ranar ce aka fara ganin bakinsa a rufe. Ya saki ƙarfen.

Aka jera gadaje a lungu kamar motoci a tasha, aka rufe ƙofa. Lokacin da aka faɗa ya yi, shiru. Tsohon soja ya yi tsaki. Wani ɗan dubiya ya ce ai dama malaman zamani haka suke. Inna tana tsaye ta jingina bayanta da ƙofa, gumi yana bin wuyanta, tana jin idon Sista a kanta.

Sai wani haske ya kutso ta ƙarƙashin ƙofar, fari mai ɗan kore, ya shimfiɗu a ƙasa har ana ganin tayoyin gadaje da takalman mutane sarai. Ya yi ƙarfi, ya rage, ya ɗauke. Daga titi aka ji ihu da salati da tafi. Wani saurayi ya zabura zai buɗe ƙofa, Inna ta baza hannuwa.

"Ba yanzu ba, ɗana!"

Suka jira. Shirun ya yi tsawo har Malam Tela ya gyara murya. "To, uwargida, shi ke nan? Ɗan wannan..."

Bai ƙarasa ba ƙarar ta iso. Benen ya girgiza, sandunan ruwa suka kaɗa, sannan daga cikin ɗakin aka ji tartsatsin gilashi yana zuba. Tsohon soja, wanda ya kwana a ƙarƙashin igwa, an same shi ya ja bargo har ka.

Da Sista ta buɗe ƙofa, yawancin tagogin suna nan lafiya. Biyu ne suka zube. Ɗaya daga ciki ta Malam ce, kuma wani ɓallin gilashi mai faɗin faranti yana kwance daidai inda matashin kansa yake ɗazu. Aka turo shi bakin ƙofa ya gani. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Sista, wancan gurbin na jikin bango, da mai shi?"

Dariyar da aka yi a lungun nan, har waɗanda aka yi wa aiki sai da suka riƙe ciki suna roƙon a bari. Ba wanda ko ƙwarzane ya samu.

Can wayarta ta yi ƙara, Dogo ne. Ya ce dutsen ya fito daga gabas kamar an ɓallo wani yanki na rana, ya ja wutsiya, ya rabu gida-gida, kowane yanki da launinsa. Ta ce ya maimaita. Ya maimaita. Ta ce wutsiyar wace kala ce, ya faɗa. Tana dariya tana goge tabarau, ko da yake ba tabarau ne ya jiƙe ba. Masu sayar da kaya a titi sun gani, direbobi sun gani, yara a kafaɗar iyayensu sun gani. Ita abin da ta samu shi ne ɗan layin haske a ƙarƙashin ƙofa.

Inna, ke ce kika gan shi tun yana ɗigo, lokacin da ba mai sha'awar kallonsa, kika bar mana shi da ya zama abin kallo. Ke ce mai ido a sama da hankali a ƙasa. A wannan watan za ki tura kujerarki ƙarƙashin tebur ki sauka matakalar nan saukar ƙarshe, kuma na san da an tambaye ki za ki ce kada a rubuta komai, wai aikin na mutane da yawa ne. Gaskiya ne, amma ki yi haƙuri, yau ɗaya ki bari a nuna ki. Mun gode. Allah ya ƙara wa idanun nan haske, ya sassauta wa gwiwa, ya ba ki haƙurin zama da Malam wuni guda cur.

Mu kuma da muka rage, kowa da ɗan ɗigon da aka ba shi ya duba, a ofis ne ko a shago ko a aji. Mu duba shi da kyau, mu faɗa da wuri. Ranar da kuma kallo ya zo ya tarar da wani yana kwance a inda ba zai iya gudu ba, Allah ya ba mu zuciyar barin kujerar gaba mu je mu tura gado.